Gwajin wayar ƙasa a layin fitilu: mita ta ba ni om 40, littafi ya ce 7.28

Ɗan Gwammaja

Assalamu alaikum iyayen gida da abokan sana'a. Ina neman a haska min wani abu da ya tsaya min a rai tun shekaranjiya.

Shekarata 6 ina wayarin, 4 a ƙarƙashin ogana, 2 ina cin gashin kaina. Yanzu haka ina kammala wani gida a Rijiyar Zaki, ɗaki huɗu da falo biyu, ba bene ba ne. Mai gidan yana da ƙani injiniya, shi ya ce kafin a ba ni cikon kuɗina sai na kawo takarda mai ɗauke da sakamakon gwajin kowane layi, har da na fitilu. Gaskiya ban taɓa yi wa layin fitila irin wannan gwajin ba. Abin da muka taso muka tarar shi ne a sa tasta, a danna makunni, in ƙwai ya kama an gama.

Na aro mitar Kyoritsu a wurin wani abokina da ke Sabon Gari. Layin fitilu uku ne a gidan, kowanne a kan bireka B6, waya mai kaurin 1.5 ce duka, ja ta layif da baƙa ta nutural da koriya ta ƙasa, a cikin bututun roba. Na ja koriyar zuwa ko'ina saboda fitilun falo na ƙarfe ne, ga fankoki, ga fitilun jikin katanga.

Ga abin da na samu. Na kashe wuta, na haɗa jar waya da koriya a dibi, wato akwatin da ke raba wuta zuwa layuka, na je fitilar ƙarshe ta layin ɗakuna na auna, mita ta nuna tirjiyar om 2.3. Layin falo ya ba ni 0.9. Layin katanga kuwa mitar ba ta nuna komai ba, kamar ban taɓa waya ba. Da aka kawo wuta na cire haɗin na yi gwajin lup, wato auna tirjiyar zagayen da wuta za ta bi in layif ya taɓa ƙarfe, a fitilar ƙarshen nan, sai na ga om 40. Takardar da injiniyan ya turo min ta ce a layin bireka B6 kada lup ya wuce om 7.28. Tsakanin 40 da 7.28 ai ba ƙaramar tafiya ba ce.

Shin wayarin ɗina ne ya lalace, ko mitar ce, ko ni ne ban iya karantawa ba? Sandar ƙasa guda ɗaya na kafa a bayan kicin, da gawayi da gishiri kamar yadda aka saba. Akwai RCD mai 30mA, na'urar da ke yanke wuta in ta zurare, a dibin soket. Fitilun kuma an raba su zuwa ƙaramin dibi saboda za a ɗora su a kan inbata, can babu RCD. Don Allah a taimaka, ba na so in rubuta lambar da ban gane ba in sa hannu a ƙarƙashinta.

Baba Mai Wayarin, Kurna

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya. Na san masu shekara 20 a sana'ar nan da za su rubuta 1.2 a takardar su karɓi kuɗinsu su yi gaba.

Mitarka lafiyarta ƙalau, kuma om 40 ɗin nan gaskiya ta faɗa maka. Fita ka ɗaga kai ka dubi wayar da ta taso daga pol zuwa gidan. Layif ne da nutural, babu wayar ƙasa da ta biyo su daga taransifoma. To idan jar waya ta taɓa jikin fitilar ƙarfe, ta ina wutar za ta koma? Za ta bi koriyarka zuwa dibi, ta gangara sandar da ka kafa a bayan kicin, ta shiga cikin ƙasa, ta ratsa ƙasar unguwa har ta kai sandar taransifoma, sannan ta dawo ta layif. Wannan zagayen gaba ɗaya shi mitar ta auna. Wannan tsarin shi littafi ke kira TT, kuma kusan duk gidan da ka shiga a Kano haka za ka tarar da shi. Lambar 7.28 kuwa an yi ta ne don wurin da hanyar komawar ƙarfe ce tun daga fitila har taransifoma, inda bireka kaɗai ta isa ta yanke wuta.

Ɗauki biro mu yi lissafin tare. Bireka mai harafin B babu tabbacin za ta faɗi nan take sai wutar da ta ratsa ta ta ninka lambarta sau 5. B6 ke nan tana son amfiya 30. Kai kuma kana da bolt 230 a kan om 40, ka raba ka gani, amfiya 5.75. Bai ma kai 6 ɗin da aka rubuta a jikinta ba. Ma'ana jar waya za ta iya kwana a jikin fanka, ta yini, ta yi sati, birekar nan tana zaune abinta tana ɗauka fitilu ne kawai aka kunna. Duk wanda ya taɓa fankar nan, ko wani ƙarfen da ke haɗe da koriyar, shi zai ji a jikinsa.

Saboda haka babbar matsalar gidan nan tana cikin jimlarka ta ƙarshe, inda ka ce dibin fitilu babu RCD. Ita RCD ba ta jiran amfiya 30. Tana auna abin da ya fita ta layif da abin da ya dawo ta nutural, da ta ga giɓin 30mA ta yanke. Ƙa'idar TT ita ce a ninka tirjiyar sanda da ƙarfin RCD, kada abin ya wuce bolt 50. Naka 40 sau 0.03, bolt 1.2 ke nan. Ka ga da RCD om 40 ɗinka lamba ce mai kyau ƙwarai, babu ita kuma sandar nan ado ce kawai a bayan kicin. Littafin BS 7671 na Ingila, wanda daga cikinsa injiniyan ya ciro maka 7.28, bugunsa na 2018 ya wajabta RCD mai 30mA a layin fitilun gidajen zama, ko da a wurin da bireka za ta iya faɗuwa da kanta. Ina ga mu da ba za ta faɗi ba.

Sai dai kada ka saki jiki da 40 ɗin. Yanzu damina ce, ƙasa a jiƙe take. Ka koma gidan nan a watan Maris ko Afrilu, bayan hunturu ya busar da ƙasa rana kuma ta gasa ta, ka sake aunawa. Na sha ganin sandar da ta ba da lamba mai daɗi a Agusta ta ninka ta ninka a bazara. A lissafi RCD mai 30mA za ta yi aiki har zuwa om 1667, amma littafin da kansa ya yi gargaɗi cewa sandar da ta haura 200 ba abin dogaro ba ce. Gishirin da ka zuba shi ke taimaka maka yanzu, amma ruwa zai wanke shi, kafin ya tafi kuma yana cin sandar da maɗaurinta. In mai gida zai yarda, ƙara sanda ta biyu, ka ba su tazarar da ta kai aƙalla tsawon sandar, ka haɗa su, kuma ka yi musu ɗan rami mai murfi yadda za a iya buɗewa a duba. Kada ka bari mai tayil ya binne maka ita.

Maganar 2.3 da layin katanga kuwa, waɗannan naka ne, ba na ƙasa ba. Zan bar wa masu lissafi su fara.

Injiniya ta Sharaɗa

Baba ya gama magana a kan lup, Allah ya ƙara lafiya. Ni zan tsaya a kan 2.3.

Malam Ɗan Gwammaja, layin ɗakunan nan mita nawa ne daga dibi zuwa fitilar ƙarshe? Wayar tagulla mai 1.5 tana da tirjiyar miliom 12.1 a kowace mita ɗaya. Tunda ka haɗa ja da koriya, tafiya da dawowa kake aunawa, 24.2 ke nan. Kafin ka samu om 2.3 da waya mai lafiya sai layin ya kai wajen mita 95. Gida mai ɗaki huɗu da wuya ya kai haka. In layin mita 45 ne, abin da ya kamata ka gani bai wuce 1.1 ba.

Abu uku nake zargi, kuma ga yadda za ka bambance su. Na farko igiyoyin mitar kansu. Ka haɗa bakinsu ka danna maɓallin da ke mayar da su sifili kafin ka fara? In ba ka yi ba, tirjiyarsu ta hau kan lambarka. Amma wannan ɗan kaɗan ne, ba zai kai ka 2.3 ba.

Na biyu wayar. Kasuwa cike take da wayar da aka rubuta 1.5 a jikin kwali alhali cikinta bai kai ba, da wadda alminiyom ce aka shafa mata tagulla a sama. Alminiyom tirjiyarsa ta fi ta tagulla da kusan kashi 60 cikin 100. In kana da ragowar waya, kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka san abin da aka sayar maka. Amma tunda layin falo ya ba ka 0.9, in dai daga kwali ɗaya suka fito, ban cika zargin wayar ba.

Na uku, wanda na fi zato, haɗi ne da bai ɗauru ba a wani wuri. Kuskurenka shi ne ka tafi fitilar ƙarshe kai tsaye. Koma ka bi su ɗaya bayan ɗaya tun daga wadda ta fi kusa da dibi, kana rubutawa. Layi mai lafiya lambarsa a hankali take hawa, kamar matakala. Inda ka ga ta yi tsalle, tsakanin wannan fitilar da wadda ta gabace ta ɓarnar take. Ka auna a akwatin makunni ma, musamman in fuskarsa ta ƙarfe ce.

Kowace fitila sai makunninta yana kunne za ka samu lamba. Da ka samu, kashe makunnin kana kallon mitar. In lambar ta ɓace, makunnin a kan layif yake, daidai ke nan. In ta tsaya, to an sa shi a kan nutural, kuma holdar nan tana da wuta ko an kashe fitila. Inda akwai makunni biyu masu kunna fitila ɗaya, kamar a korido, ka gwada ta kowane ɓangare ka rubuta lambar da ta fi girma.

Kada kuma wani ya ce maka ƙaramar mitar nan mai ƙara ta isa wannan aikin. Silin waya guda ɗaya tak da ya rage a haɗe zai sa ta yi ƙara. Mitar gwajin gaske tana tura aƙalla 200mA, shi ya sa take tona asirin haɗin da ya yi sako-sako.

Mai Shago, Faransa Rod

Ni fa ina ganin ana wahalar da yaron nan ne. Shekarata 15 ina sayar da kayan wuta, cikin masu zuwa sayen wayar fitila da wuya ka ga wanda ya haɗa da koriya. Ja da baƙa suke ɗauka. Holda ta roba ce, makunni na roba, wa ke hawa sili ya taɓa ƙwai? RCD kuma ni ake dawo wa da ita, a ce tana yawan yanke wuta cikin dare, a cire a sa bireka. Kuɗin kwalin waya yanzu ba wasa ba ne, mai gida yana ƙirga kowace naira.

Baba Mai Wayarin, Kurna

Alhaji, gaskiya ka faɗa a kan abin da mutane ke saye, amma ka dubi shagonka da kyau. Fitilun da ka rataye a gaba, masu sarƙa da masu ƙyalli, na roba ne? Fankar sili ta roba ce? Zamanin da fitilar gida take holdar roba da ƙwai ɗaya ya wuce. Ko inda aka sa roba yau, gobe amarya za ta tare a sauya da ta ƙarfe, kuma wanda zai sauya ba zai fasa sili don ya ja koriya ba.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Wata damina aka kira ni wani gida a Na'ibawa da magariba. Fitila ce a jikin ginshiƙin get, ta ƙarfe, an ɗaure ta da ƙusar da ta taɓa firam ɗin get ɗin. Ruwa ya shiga cikinta, rana ta riga ta cinye rigar wayar, layif ya kwanta a jikin ƙarfe. Yarinya 'yar shekara 9 ta dawo daga islamiyya ba takalmi, ƙasa a jiƙe, ta kama get za ta tura, wuta ta riƙe ta. Allah ya sa yayanta na kusa, ya yi hankali bai kama ta ba, ya ruga ya zare fis. Ta rayu, amma tafin hannunta ya ƙone. Da na buɗe fitilar, waya biyu na tarar. Bireka tana nan a sama ba ta motsa ba. Na zauna a dakalin gidan na daɗe ban iya tashi ba, saboda a shekarun farko na sana'ata ni ma na yi irin wannan aikin a gidaje da dama, kuma ban san a wane hali suke ba.

RCD da ake dawo maka da ita, sau da yawa aikinta take yi. Ko ruwa ya shiga wata fitilar waje, ko an haɗa nutural na layi biyu wuri ɗaya, ko nutural ya taɓa koriya a wani akwati. Cire ta bai gyara ko ɗaya ba. In mai gida yana tsoron duhu ya rufe gida gaba ɗaya, a ware wa layin katanga tasa shi kaɗai, tunda shi ne ruwa ke duka.

Sarkin Sola, Hotoro

Ni abin da ya ja hankalina shi ne inbatar da za a ɗora. Ƙanina, om 40 da ka auna na lokacin da wutar layi ke nan ne. Da zarar an ɗauke wuta fitilun suka koma kan batir, taransifoma ta fita daga zancen, zagayen da Baba ya kwatanta ya canza gaba ɗaya.

Inbatoci da yawa idan suna kan batir nutural ɗinsu a sake yake, bai haɗu da ƙasa ba. A wannan halin ko ka sa RCD, in layif ya taɓa ƙarfe wutar ba ta da hanyar komawa da za ta sa RCD ta ga giɓi, sai ta yi shiru. Maɓallin gwajin da ke jikinta zai iya faɗar da ita ka ɗauka komai lafiya, alhali shi cikinta kawai yake gwadawa. Wasu inbatocin suna da abin da ke haɗa nutural da ƙasa da kansa idan wutar layi ta tafi, ya sake su idan ta dawo. Wasu babu. Ka karanta littafin wadda za a sa tun kafin a ɗaura, kada ka yi haɗin da ka, kuma RCD ɗin ta zauna a bayan inbata, ɓangaren da ke fita zuwa fitilu. Bayan an gama a gwada ta da mita sau biyu, da wutar layi da kuma kan batir. Haka ma in akwai janareta a cenja-oba.

Gwajin lup a kan inbata kuwa kada lambar ta ruɗe ka, wani lokaci mitar ma ƙin aunawa take yi. Sannan bayan ka sa RCD, ka juya mitar zuwa gwajin da ba ya faɗar da ita, in ba haka ba duk dannawa sai ta yanke.

Ɗan Gwammaja

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, Allah ya ƙara girma. Jiya na yini a gidan, ga abin da ya faru.

Na mayar da igiyoyin mita sifili kamar yadda Injiniya ta ce, ashe 0.18 suke ƙarawa. Na bi layin ɗakuna daga farko. Fitila ta ɗaya 0.31, ta biyu 0.47, ta uku 0.62, ta huɗu sai ga 1.78. Makunnan duka a kan layif suke, wannan kam alhamdu lillahi. Na hau cikin rufi tsakanin fitila ta uku da ta huɗu, na tarar masu yin sili sun huda bututun da ƙusa, koriyar ta tsinke, wani ya murɗa ta da hannu ya naɗe da tef ya tura ciki bai faɗa wa kowa ba. Silin waya biyu kawai ke riƙe da ita. Na zare wannan tsakanin gaba ɗaya, har da ja da baƙar saboda ƙusar ta goge su, na ja sababbi. Yanzu fitilar ƙarshe 1.12 take nunawa, na kuma auna layin da tef ɗin awo, mita 46 ne.

Layin katanga laifin daga wajena yake. Yaron da ke taya ni ya kai koriyar akwatin farko a bakin get ya yanke ta a nan, fitilu shida da ke gaba babu ko ɗaya da ta samu, ni kuma ban bi bayansa na duba ba. Da na tuna labarin Na'ibawa jikina ya yi sanyi, don biyu daga cikinsu a jikin ginshiƙin get suke. Mun ja ta har ƙarshe, na tsaya a kansa ya ɗaura kowacce a jikin ƙarfen fitilar, na kuma ba shi mitar ya auna da hannunsa.

Na kashe babban makunni, na cire wayar sanda daga dibi na auna ta ita kaɗai, om 38, na mayar na ɗaure. Na kira injiniyan na karanta masa lissafin 5.75, ya ce a rubuta TT a saman takardar, a sa RCD biyu, ɗaya ta fitilun ciki ɗaya ta katanga, shi zai yi wa yayansa bayanin kuɗin. Sanda ta biyu ma an amince. Inbatar ba ta iso ba tukuna. Oga Sarkin Sola, in ta zo zan turo muku sunanta ku duba min maganar nutural ɗin kafin in ɗaura.